Darasin Masana'antu: Mazubin Kiret Ɗin Ƙwai na Takarda

Kiret mai ɗaukar ƙwai 30 da masu kiwon kaji ke amfani da shi, da tsohuwar takarda ake yin sa. Wani Ba'amurke, Martin Keyes, shi ne ya sami rajistar injin irin wannan zubi a shekarar 1903.

Ana dama takarda cikin ruwa har ta zama kamar kunu. Sannan a tsoma mazubi na tagulla ko alminiyam, mai ƙananan ramuka, wanda aka lulluɓe da ragar waya. Inji yana zuƙe ruwan ta cikin ramukan, zare kuma ya manne wa ragar, ya ɗauki siffarta. Mazubi na biyu ke cire kiret ɗin zuwa wurin busarwa. Da irin wannan dabara ake ƙera wasu matatun iska.

Idan ragar ta toshe, kiret zai fito da wuri mara kauri, ƙwai su fashe a hanya. Saboda haka wajibi ne mai zuba jari ya tanadi kuɗin wanke mazubi da sauya raga, da na makamashin busarwa.

Haramta robar Styrofoam da gwamnatin Jihar Legas ta yi a Janairun 2024 ya buɗe wa mazubin takarda ƙofar shiga kasuwar kwanukan sayar da abinci.