Maganin Gyambon Hanji da Gishirin da Yake Kwashewa

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, darasin da na kawo muku a wannan fitowa a jikina na fara karanta shi, tun ban duba littafi ba.

Shekarun baya na yi fama da zawo mai jini da majina har wajen wata biyu. Na ɗauka atuni ne, na yi ta shan maganinsa, a banza. Da likita ya leƙa hanjina da na'ura sai ya ce gyambon babban hanji ne, wanda Turawa ke kira alsaratif kolaitis. Watau sojojin jiki, waɗanda aikinsu yaƙi da ƙwayoyin cuta, su ne suka juyo kan fatar cikin hanji, ta kumbura, ta yi miki. Aka kwantar da ni, ana yi mini allurar haidirokotizon sau 4 a kwana ɗaya. Kafin kwana 3 zawo ya fara sauƙi, na yi murna.

Rana ta huɗu da asuba na tashi zan yi alwala, sai ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Buta ma ta yi mini nauyi. Tsokar sha-raɓata ta murɗe, zuciyata tana bugawa tana tsallake. Na ce a raina gajiyar ciwo ce, na yi shiru. Allah ya sa kowace safiya ana ɗibar jinina a auna. Kafin azahar sai ga likita da sauri, ya ce fotasiyam na jinina ya sauka zuwa 2.8.

Mene ne fotasiyam?

Wani irin gishiri ne da ke cikin jikin kowa. Wani masani na Ingila, Humphry Davy, shi ya fara ware shi a 1807, daga sinadarin da ake samu a tokar itace. Kusan kashi 98 cikin 100 na wanda ke jikinmu yana cikin ƙwayoyin nama, kaɗan ne ke yawo a jini. Amma wannan kaɗan ɗin shi ke daidaita saƙon da jijiya ke aika wa tsoka. Ga mai lafiya awonsa a jini yana tsakanin 3.5 da 5.0. In ya kasa 3.5 ya yi ƙaranci, in ya kasa 2.5 kuwa rai yana cikin haɗari. Kada ku manta, zuciya tsoka ce, hanji ma da tsoka yake motsi.

Yadda magani ke kwashe shi

A bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan nama kamar hula. Shi ke yin wasu sinadarai biyu. Na ɗaya, kotisol, yana kwantar da kumburi. Na biyu, aldositeron, yana umurtar ƙoda ta riƙe gishirin miya, watau sodiyam, ta zubar da fotasiyam a fitsari.

To, magungunan da ake kira sitiroyid 'yan'uwan kotisol ne. A 1948 aka fara gwada kotizon ga mai ciwon gaɓoɓi a Amurka. A 1955 wasu likitoci biyu na Okusfod, Truelove da Witts, suka buga sakamakon gwajin da ya nuna yana kwantar da gyambon babban hanji. Tun daga nan ya ceci rayuka masu yawa, har da nawa.

Amma fa in maganin ya yi yawa a jini, ƙoda takan ɗauke shi kamar aldositeron. Ka ga kamar mai gadi ne da ya ga baƙo sanye da rigar maigida, ya buɗe masa rumbu. Sai ƙoda ta riƙe sodiyam da ruwa, ƙafa ta kumbura, jini ya hau, fotasiyam kuwa ya yi ta tsiyaya a fitsari. Haidirokotizon ya fi yin haka, firedinisolon bai kai shi ba.

Ga kuma ƙofa ta biyu. Mai wannan ciwo yakan zaga sau 6 ko 10 a yini, kowane zagaye da fotasiyam yake fita. Ba ya kuma iya cin abinci sosai. Ashe tulu ne mai huji biyu, ga shi ba a zuba masa ruwa. Shi ya sa ƙarancin ya fi saurin kama mai gyambon hanji bisa wanda ke shan maganin don wani ciwo dabam.

Alamunsa

Kasala mai nauyi, musamman a cinyoyi, har hawan matakala ya gagara. Murɗewar tsoka. Bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba. Kumburin ciki. Wannan na ƙarshe ku lura da shi ƙwarai. In zawo ya tsaya farat ɗaya, ciki ya kumbura yana ciwo, kada a ce an warke. Wataƙila tsokar hanji ce ta saki, hanjin ya buɗe kamar salka, yana iya fashewa. Asibiti nan da nan.

Abin yi da abin bari

Na ɗaya, mai jinya ya faɗa wa likita duk abin da ya ji. Shirun da na yi wauta ce.

Na biyu, a riƙa auna jini. Likita yakan duba maganiziyam ma, gama in ya yi ƙaranci fotasiyam ba ya zama a jiki ko an ba da shi. A kuma gaya masa in ana shan maganin sa fitsari, don shi ma yana zubar da fotasiyam.

Na uku, kada a yanke sitiroyid rana ɗaya. Wanda ya daɗe yana shansa, hular ƙodarsa ta yi barci, sai a hankali take farkawa. Ni an sallame ni da firedinisolon miligiram 40, ana ragewa mako mako har wata 2.

Na huɗu, kada kowa ya sayi ƙwayar fotasiyam da ka. Yawansa ma yana tsayar da zuciya, balle ga mai ciwon ƙoda.

Na biyar, kanwa. Wani ɗan'uwana da ya ji labari sai ya kawo mini ita a ƙunshi, wai ai Turancinta fotash. Sunan ne ya ruɗe shi. Kanwarmu galibinta sodiyam ce, ba ta mayar da abin da ya zube, sai dai ta ƙara ɓarna. Haka ruwan gishiri da sukari na haɗin gida, yana mayar da ruwa amma ba fotasiyam a ciki. Na cikin leda, wanda ake samu a asibiti da kantin magani, shi ke da shi.

Abinci yana taimako: ayaba, agade, dankali, doya, ruwan kwakwa, ruwan lemo. Wake da alayyahu da dabino ma suna da shi, sai dai a jira hanji ya lafa. Amma in awo ya sauka kamar nawa, ayaba ba ta isa, sai maganin likita.

Tambayoyi don aji

1. Ta waɗanne ƙofofi biyu fotasiyam ke fita daga jikin mai wannan jinya?
2. Don me ba a yanke sitiroyid rana ɗaya?
3. Maƙwabcinka ya kawo wa irin wannan majinyaci kanwa. Me za ka ce masa?

Gobe ku ne malamai a garuruwa, ku jama'a za su riƙa tambaya kafin su kai ga likita. In kun ga mai shan wannan magani ya kasa ɗaga buta, kada ku ce raki ne. Allah ya ba mu lafiya, amin.