HANNU A NAN, ZUCIYA A CAN

Darasi a kan damuwa da faɗuwar gaba

Ya mai karatu, ka taɓa kwanciya da dare, jiki duk ya gaji, amma barci ya ƙi zuwa? Ka taɓa zama gaban akushi, ka ci ka tashi, ba ka san ɗanɗanon miyar ba? In haka ne, wannan darasi naka ne.

1. Damuwarmu tana da dalili

Mu mutanen Dawce da kewayen Matamaye ba mu damuwa a kan banza. Mutane sun yi yawa, gonaki kuwa sun ƙanƙance saboda rabon gado. Tsofaffinmu suna tuna yunwar 1973 da ta 1984, mu duka kuma mun ga ta 2005. Samari suna tafiya cin rani, mata kuma suna nufar Aljeriya da goyo a baya. A watan Oktoba na 2013, ƙishirwa ta kashe mutum 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara ne daga ƙasarmu ta Kance. Saboda haka wanda nasa ya ke kan hanya, in waya ta kwana biyu ba ta shiga ba, dole gabansa ya faɗi.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne su ke fama da ciwon fargaba. Ba ragwanci ba ne, ba kuwa abin kunya ba.

2. Abin da tsoro ya ke yi wa jiki

In mutum ya ga maciji a kunya, waɗansu 'yan kayan ciki da ke bisa ƙodarsa su kan zuba wani ruwa cikin jini. Nan da nan zuciya ta yi sauri, numfashi ya gajarce, jijiyoyi su ɗaure, narkar da abinci ta tsaya. Wannan taimako ne, gama da shi mutum ya ke tsalle ya tsira. In macijin ya wuce, jiki ya saki.

Amma jiki ba ya bambanta macijin gona da macijin tunani. Tunanin bashi, ko na rumbun da ya kusa ƙarewa, ya kan tayar da shi haka nan. Macijin tunani kuwa ba ya wucewa da kansa. Daga nan sai ciwon kai, da ciwon wuya, da ƙwannafi, da saurin fushi da iyali.

3. Hannu a nan, zuciya a can

Wani zai ce, "Ai ni wuni na ke yi ina aiki, me ya sa aikin bai kore mini damuwa ba?" Ga dalili. Hannunka yana riƙe da hauya a Dawce, zuciyarka kuwa tana Tamanrasat, ko tana watan bazara da bai zo ba tukuna. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka yi gajiya biyu, ta jiki da ta zuciya.

Maganin shi ne ka komo da zuciya inda hannu ya ke. A 1979 wani malami mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe aji na mako 8 a asibitin jami'ar Masacusat, a Amurka, domin masu doguwar jinya da damuwa. Cikin abin da ya koya musu har da tafiya a hankali, da cin ƙwayar zabibi ɗaya da lura. Mu ba sai mun je Amurka ba. Turmi da guga da hanyar gona sun ishe mu makaranta.

4. Ayyuka biyar

Numfashi. Babban mutum a zaune ya kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Kafin ka ɗauki hauya, tsaya. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta kana ƙirga shida. Yi haka sau goma. Sa'ad da iska ta ke fita, bugun zuciya ya kan ragu, shi ya sa mu ke tsawaita fitar.

Tafiya gona. Ka ji rairayi ƙarƙashin ƙafarka. Ka ambaci abu biyar da idonka ya gani, da abu uku da kunnenka ya ji.

Daka da jan ruwa. 'Yar'uwa, saurari amon taɓarya. Saki numfashi duk sa'ad da ta sauka. A bakin rijiya, lura da nauyin guga da sanyin igiya a tafinki.

Sassabe. Tun daga shekarun 1980 manoman Matamaye da Magarya da Mirya su ke barin 'ya'yan gawo su girma a gonakinsu, har ƙasar ta sake yin itatuwa. Wannan aiki ba ya yiwuwa da rabin hankali. Dubi kowane toho, zaɓi mai ƙarfi, sare sauran.

Cin abinci. Ajiye waya, kashe rediyo. Loma uku na fari, ci su a hankali, ka gode.

Zuciya za ta gudu, lalle za ta gudu. Kada ka yi fushi da ita. Yadda yaro ya ke komo da akuya daga bakin garka, ba duka ba zagi, haka za ka komo da ita, ko sau ɗari ne.

5. Ga masu aikin zaune

Tela da mai tebur da malamin makaranta, da saurayin da ke wuni a kan waya, damuwa ta kan taru musu a kafaɗa da baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wato rabin sa'a, kwana biyar. Tafiya da sauri da sanyin la'asar ta isa. In ka sami abokin tafiya, ya fi.

6. Iyakar wannan darasi

Numfashi ba ya cika rumbu, ba ya biyan bashi. Abin da ya ke yi shi ne ya kwantar da jiki, domin kai ya iya shawara. Sa wa damuwa lokacinta, da rana, ba a kan tabarmar barci ba. Raba ta kashi biyu. Abin da ke hannunka, yi shi yau. Abin da ba ya hannunka, bar wa Allah, ka kuma faɗa wa wani amintacce, gama kaya ya kan yi sauƙi in an kama maka.

Rage goro da shayi mai ƙarfi bayan la'asar, domin suna hana barci. Taramol kuwa ba maganin gajiya ba ne, tarko ne.

Faɗuwar gaba ta kan zo kuma daga ƙarancin jini ko wani ciwo dabam. In ƙirji yana ciwo, ko numfashi yana sarƙewa, tafi likita nan da nan, a Matamaye ko a Damagaram. In baƙin ciki ya wuce mako biyu, abinci da barci sun gagara, tafi a duba ka. In wani ya ce ya gaji da rai, kada ku bar shi shi kaɗai, ku raka shi likita a ranar.

Tambayoyi domin nazari tare

1. Wane aiki ne ka kan yi da hannu alhali zuciyarka tana wani wuri?
2. Cikin damuwarka ta yau, wacce ce ke hannunka, wacce ce ba ta hannunka?
3. Wane ne a unguwarku nasa ya ke kan hanya, wanda za ka iya rakawa gona gobe da safe?