Kuɗin cizo: ta ina yake shigowa ɗaki?

Kuɗin cizo, wanda wasu ke kira gazunzumi, ba shi da fukafukai, ba ya kuma tsalle. Rarrafe kawai yake yi. Idan ya yi tafiya mai nisa, to mutum ne ya ɗauko shi cikin kaya bai sani ba. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, jini yake nema. Saboda haka ba abin kunya ba ne a same shi a ɗakinku.

Hanyoyin shigowarsa

Yana maƙalewa a ɗinkin katifa, bargo, jaka da buhun tufafi. Kayan gwanjo, tsohon gadon katako, tabarmar aro da kayan baƙo duk suna iya shigo da shi. Inda tantuna suke manne da juna, yana rarrafowa daga na maƙwabta da dare.

Mace ɗaya mai ƙwai ta isa ta cika ɗaki. Ƙwan fari ne, ƙanƙane, yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Babba kuwa yana iya yin watanni bai sha jini ba, don haka kayan da aka daɗe da ajiyewa ma abin dubawa ne.

Alamominsa

Ku duba ɗinkin katifa, kusurwar gidan sauro da tsagar katako. Za ku ga baƙaƙen ɗigo, tabon jini ko ɓawon da ya saɓe. Cizonsa yakan fito a jere.

Abin yi

1. Ku duba kowane kaya a waje kafin ya shiga ɗaki.
2. Ku jiƙa tufafi da bargo a tafasasshen ruwa. Zafi yana kashe shi har da ƙwansa. Gidan sauro kuwa ban da ruwan zafi, a bi shi da hannu.
3. Ku ƙulle ƙananan kaya a baƙar leda, su wuni a rana.
4. Kada ku zuba fetur, kalanzir ko fiya-fiya a shimfiɗa. Suna jawo gobara, suna cutar da yara.
5. Ku haɗa kai da maƙwabta ku yi aikin rana ɗaya, in ba haka ba zai dawo.

Ba a san kuɗin cizo da yaɗa cuta ba, amma yana hana barci, susa kuma tana zama gyambo. Idan wurin cizo ya kumbura ko ya yi ruwa, a kai yaro asibitin sansani. Ku sanar da ma'aikatan tsafta da zarar kun ga alama.