Me Ke Sa Doki Zabura Ba Zato Ba Tsammani?

Duk wanda ya ratsa ƙasar Minjibir da damina ya san yadda gonaki ke manne da juna, daga Kunya har zuwa Wasai, babu fili sai 'yar siririyar turba tsakanin dawa da gero. A irin wannan turba ce mahayi kan fito kilisa da yamma, doki na tafiya lafiya lau, sai kwatsam ya yi tsalle gefe, ko ya yi tutsu, ko ya kwasa da gudu. Mahayi ya duba gabas da yamma bai ga komai ba. Daga nan sai wasu su ce doki ya ga aljani, wasu kuma su ce iskanci ne, bulala ce maganinsa. Ilimin halittu ya nuna cewa dalilin yana cikin ginin jikin dokin, kuma sanin wannan dalili na iya tsare mahayi da yaran da ke kan hanya daga karaya.

Asalin tsoron doki

Binciken ƙwayoyin gado da Ludovic Orlando ya jagoranta, wanda aka buga a 2021, ya nuna cewa dawakin duniya na yau sun samo asali ne daga filayen kogunan Bolga da Don, a kudancin Rasha, kimanin shekaru 4,200 da suka wuce. Kafin ɗan Adam ya sa masa ragama, doki dabba ce ta fili wadda namun daji ke farauta. Ba shi da ƙaho, ba shi da farce, makaminsa gudu ne. Wanda ya tsaya tantance abin da ya motsa ciyawa shi ake cinyewa, wanda ya fara gudu shi ke rayuwa har ya haifu. Ingarman da ke ɗaure a turke yau jikan masu gudun ne.

Ido da kunne

Idanun doki a gefen kai suke, saboda haka yana ganin kusan digiri 350 na kewayensa ba tare da ya juya ba. Amma akwai wurare biyu da ba ya gani, wato daidai bayansa da kuma dab da goshinsa zuwa ƙarƙashin hancinsa. Wannan ne ya sa yakan harbi yaron da ya ɓullo masa ta baya shiru. Daɗin daɗawa, ganinsa na gefe ya fi ƙwarewa wajen kama motsi a kan gane siffa. Idan iska ta kaɗa leda a gindin kara, ko akuya ta kutso daga cikin dawa, motsin yake fara gani kafin ya san mene ne. Har ila yau idonsa na jinkirin sabawa idan an fito da shi daga rana zuwa duhu, shi ya sa yakan tirje a bakin zaure ko barga.

Kunnensa ma ya fi na mutum kama siririyar ƙara. Mutum ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, alhali Rickye Heffner da Henry Heffner na Amurka sun auna a 1983 cewa doki na ji har zuwa kimanin 33,500. Sai dai sun gano kuma cewa bai kai mutum gane daidai inda sauti ya fito ba. Ke nan yakan ji abin da mahayi bai ji ba, kuma bai san ta ina abin yake ba. Gudu ya zama mafita.

Abin da ke faruwa cikin jiki

Da zarar ido ko kunne ya kama baƙon abu, saƙo kan isa wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigidala, wanda ke kula da tsoro. Nan take a saki sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciyar da ke bugawa sau 28 zuwa 44 a minti lokacin hutu tana iya haura 200 a tsakiyar sukuwa. Saifa kuma ta matse, ta zuba jajayen ƙwayoyin jini da ta adana domin tsoka ta sami iska. Duk wannan na farawa kafin doki ya tantance abin da ya gani. Idan aka zabga masa bulala a wannan hali, sai ya haɗa abin da ya tsorata shi da zafin duka, gobe tsoron ya ninku.

Idan ba tsoro ba ne

Dokin da aka sani da natsuwa, in ya sauya hali rana ɗaya, ciwo ya kamata a fara zargi. A duba gyambo a ƙarƙashin sirdi, da raunin linzami a baki, da kaifin haƙori, da kaska a kunne, da ƙudajen cizo na damina. Mai ciwon ciki yakan tona ƙasa, ya riƙa waiwayen cikinsa, ya yi gumi, yana neman birgima. Wannan aikin likitan dabbobi ne cikin gaggawa. Haka nan in kare ya taɓa cizonsa, a tuna cewa ciwon haukan kare na kama doki, kada kowa ya sa hannu a bakinsa. Wani lokaci kuma kiwo ne: dokin da ake cika wa dawa, a bar shi a turke kwana da kwanaki ba motsa jiki, ƙaramin abu kan tunzura shi.

Mahayi ma yana da nasa kaso. A 2009 Linda Keeling ta ƙasar Suwidin ta gaya wa mahaya da masu jan doki cewa za a buɗe laima a gabansu. Ba a buɗe ba, amma bugun zuciyar mutanen ya tashi, na dawakin ma ya tashi. Fargabar mahayi na isa ga doki ta hannu da cinya.

Maganin tsoro sabo ne

Mai karatu zai iya tambaya, to yaya dawakin Hawan Daushe a Kano ke tsayawa cikin ƙarar bindiga da kakaki da tambari? Amsa ita ce sabo, wanda masu kula da bargar sarakuna suka daɗe da sani. Kimiyya ta gaskata su. A 2006 Janne Christensen ta Danmak ta gwada hanyoyin horo uku a kan ƙananan dawaki da jakar leda mai motsi. Waɗanda aka nuna wa jakar sannu a hankali, ba a ƙara motsinta sai sun natsu, su ne suka fi saurin sabawa. Hausawa dai sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka, idan doki ya ɗaga kai, ya kafe kunnuwa, ya buɗa hanci yana huci, mahayi ya zauna daram, ya yi masa magana a tausashe, ya juya shi ya fuskanci abin daga nesa domin ya dube shi da ido biyu. Masu babur su rage gudu, kada su danna hon a bayansa. Yara kuma su yi magana kafin su matso, su zo ta wajen kafaɗa.

Aiki ga ɗalibai

Malami na iya kai ɗalibai gidan mai doki, da izininsa, su tsaya nesa da turke na minti 10. Kowa ya rubuta sau nawa kunnuwan dokin suka juya da abin da ya jawo hakan, sa'an nan a kwatanta a aji, a ƙirga sau nawa ne dokin ya ji abu kafin ɗaliban su ji.