Amsoshin Tambayoyinku: Motar Duba Layin Dogo

Malam Bala, makanike daga Gudu a Abuja, ya aiko mana da tambaya. Ya ce: "Wace irin mota ce ƙaramar nan da ma'aikatan jirgin ƙasa ke hawa a kan dogo, kuma ana iya tayar da tsohuwarta?"

To Malam Bala, mun gode. Motar duba layin dogo ke nan. Ba ta da sitiyari, ƙafafunta na ƙarfe ne, dogon ne ke jan ragamarta. Da ita ma'aikata ke bin layi suna neman ƙusar da ta kwance ko inda ruwa ya zaizaye ƙasa. Ta farko ma da hannu ake tuƙa ta, kafin a sa mata inji.

Ana tayar da ita ƙwarai. A Amurka, da motocin a-kori-kura masu hawa dogo suka maye gurbinta, masu sha'awa suka rinƙa sayen tsofaffin na kamfanin Fairmont, su kankare tsatsa, su gyara inji da birki. Birkin nan shi ne babba, don ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi.

Sai dai a lura da faɗin dogo. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 siriri ne, na Abuja zuwa Kaduna kuwa mai faɗi ne. Motar tsohon layi ba za ta zauna a kan sabo ba. Kuma ko ka gyara ta tsaf, Malam Bala, ba a ɗora ta a dogo sai da izinin hukumar jiragen ƙasa.