Tsatsa a Ƙarƙashin Tsohuwar Mota

'Yan'uwa, ƙarfin mota ba a fenti ya ke ba. A shasi ya ke, watau ƙarafan nan na ƙarƙashi waɗanda su ke ɗauke da inji da kaya da mutane. Can ne tsatsa ta ke yin ɓarna a ɓoye.

Tsatsa tana bukatar abu uku: ƙarfe, da ruwa, da iska. In gishiri ya shiga, sai ta ƙara sauri. Saboda haka motar da ta daɗe a bakin teku, kamar a Ikko, ko wadda aka kawo daga Turai inda a ke zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, sau da yawa ta kan iso da ciwon a jikinta. Takin zamani da ruwan batir su ma suna cin ƙarfe. Taɓon damina kuwa, in ya manne, sai ya riƙe laima kwana da kwanaki.

To, ƙaƙa za mu yi? Ku wanke ƙarƙashin mota bayan damina. Ku ƙwanƙwasa shasi da guduma, musamman inda sifirin ya kama. Lafiyayyen ƙarfe yana amo, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi ta zuba kamar ɓawo. Ku duba bututun birki kuma. Tsatsa kaɗan, a kankare ta sarai, a shafa fenti. In ta huda ƙarfe, sai mai walda ya yanke wurin, ya sa sabo.

Kada kowa ya rufe rami da fenti, kāna ya ɗauki mutane ko ya sayar wa maƙwabcinsa. Rayukansu suna wuyansa.