Yadda Ake Karɓo Kuɗi Idan Cinikin Intanet Daga Ƙasar Waje Ya Ɓaci

Kariyar mai saye alkawari ne da kasuwar intanet ko kamfanin biyan kuɗi ke ɗauka na mayar wa mutum kuɗinsa idan kayan da ya saya ba su iso ba, ko sun iso a lalace, ko kuma sun saɓa wa yadda aka siffanta su a talla. Irin wannan ciniki ba baƙo ba ne ga malaman fikihu, domin mazhabar Malikiyya ta halatta sayen abin da ba a gani ba bisa siffa, ta kuma bai wa mai saye zaɓin fasawa idan siffar ba ta tabbata ba. Ɗaya daga cikin ginshiƙan tsarin na zamani shi ne riƙon amana, wato kuɗin ya zauna a hannun na uku har sai kaya sun shiga hannun mai su, kuma a kan haka aka kafa kamfanin biyan kuɗi na Alipay a ƙasar Sin a 2004, kafin dandalin AliExpress ya zo a 2010 da irin wannan tsari don masu saye na ƙetare.

Matakin farko yana zuwa tun kafin biya, inda mai saye zai ɗauki hoton shafin tallar da abin da ke cikinsa na girma da launi da adadi da farashi, saboda mai sayarwa na iya sauya shafin daga baya. Sannan wajibi ne a biya ta cikin dandalin da aka yi cinikin, domin duk kuɗin da aka tura kai tsaye zuwa asusun mai kaya, ko da an yi alkawarin rangwame, ya fita daga ƙarƙashin kariya. Haka nan kamfanin biyan kuɗi na PayPal ba ya kare kuɗin da aka aika ta hanyar da ya ware wa 'yan'uwa da abokai.

Mataki na biyu shi ne lura da lambar bin sawu, wato lambar da ke nuna inda ƙunshin kaya ya kai, tare da kiyaye wa'adi, kasancewar kowane dandali yana da nasa. A eBay ana da kwana 30 daga ranar isowar kaya ko ranar ƙarshe da aka ƙiyasta za su iso, Amazon kuwa yana ba da kwana 90 bayan ranar ƙarshe da aka ƙiyasta ga kayan 'yan kasuwar da ke sayarwa a dandalinsa, yayin da PayPal ke karɓar ƙorafin rashin isowar kaya cikin kwana 180 daga ranar biya. A AliExpress, danna maɓallin tabbatar da karɓar kaya yana sakin kuɗin ga mai sayarwa, bayan haka kwana 15 ne suka rage a kai ƙorafi, don haka ba a danna shi sai kaya sun zo.

Idan ƙunshin ya iso, ana ɗaukar bidiyon buɗe shi ba tare da yankewa ba, a fara da takardar da ke manne a jikinsa mai ɗauke da suna da lamba, domin wanda zai yanke hukunci ba zai taɓa riƙe kayan da hannunsa ba, abin da aka nuna masa kaɗai yake gani. Daga nan sai a rubuta wa mai sayarwa ta akwatin saƙon dandalin, ba ta WhatsApp ba, a bayyana aibin a taƙaice. Amazon yana sa a jira sa'o'i 48, eBay kuwa kwanakin aiki uku, kafin su shiga tsakani.

Idan sulhu ya faskara, sai a shigar da ƙorafi a hukumance, a zaɓi dalilin da ya dace da hujjar da ke hannu, a kuma faɗi abin da ake nema: cikakken kuɗi, ko wani kaso a riƙe kayan, ko mayar da kaya a karɓi kuɗi. A nan ake buƙatar lissafi, domin kuɗin aika ƙaramin kaya zuwa Sin yakan zarce darajarsa, wanda ya sa karɓar kaso ya fi riba a lokuta da dama. A nan ne kuma tarkon da ya fi kama mutane yake, wato mai sayarwa ya roƙi a rufe ƙorafin da alkawarin sake aiko da kaya har wa'adi ya wuce. A PayPal, ƙorafin da aka rufe ba ya sake buɗuwa, wanda kuma ba a ɗaukaka shi zuwa ga kamfanin cikin kwana 20 ba yana rufe kansa.

Mafita ta ƙarshe ita ce janyo biya ta hannun banki, wato bankin da ya bayar da katin ya nemo kuɗin daga bankin mai sayarwa bisa ƙa'idojin Visa ko Mastercard, waɗanda galibi ke ba da kwana 120. Ba a biyan mutum sau biyu a kan ciniki ɗaya, saboda haka ana ajiye wannan hanya sai ta dandali ta toshe.

Kuɗin yakan dawo ta hanyar da aka biya shi, amma abin da zai shiga asusun naira ko na sefa yana iya bambanta da wanda ya fita saboda canjin kuɗi, kuma mai sayarwa ba ya mayar da kuɗin fito da aka biya kwastam. 'Yan kasuwar da ke tara kaya wurin ejan a Guangzhou ta ƙasar Sin kafin a yi musu lodi zuwa Kano ko Yamai suna da ƙarin abin lura, domin a wurin dandali kaya sun isa da zarar ejan ya karɓa, kuma wa'adi ya fara gudu tun daga ranar, ko da kayan za su yi wata biyu a teku. Don haka ya zama dole ejan ya buɗe kaya ya duba su a can kafin ya ɗaure.